Amsa ga mai tambaya: da me ake fara tayar da ƙasar da yaƙi ya rusa?

Assalamu alaikum, Malam.

A taron kwanakin baya ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: ƙasar da yaƙin basasa ya ci har gwamnati ta watse, da me ake fara tayar da tattalin arzikinta, hanyoyi ko wutar lantarki? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga amsar.

Ni dai ba zan fara da ko ɗaya ba. Da baitulmali zan fara.

Kasuwa ba ta mutuwa don gwamnati ta mutu. Dubi Somaliya. Shugabanta Siad Barre ya faɗi a 1991, amma fatake ba su daina kai tumaki da raƙuma ƙasashen Larabawa ba, kamfanonin waya suka bunƙasa, 'yan ƙasar da ke ƙetare suka yi ta aiko da kuɗi gida. Haraji ma ba a daina biya ba. Mai karɓa ne ya canza: a tashar jiragen ruwa da kowane shinge, mai bindiga ke miƙa hannu. Muddin shi ke karɓa, in ka shimfiɗa kwalta ciniki ka ƙara masa.

Laberiya ta bi hanya mai ɗaci. Bayan yaƙi ya ƙare a 2003, aka kafa shirin sa ido kan kuɗin gwamnati mai suna GEMAP a 2005, inda kuɗi ba sa fita daga wasu manyan hukumomi, irin su tashar jiragen ruwa da hukumar gandun daji, sai ƙwararre daga waje ya sa hannu tare da ɗan ƙasa. Da yawa sun ɗauke shi cin fuska, kuma ban ce ba su da hujja ba. Da Ellen Johnson Sirleaf ta hau mulki a 2006, sai ta soke duk kwangilolin saran katako, don da kuɗin katako tsohon shugaban ƙasar Charles Taylor ya riƙa sayen makamai. A 2010 aka yafe wa ƙasar bashin dala biliyan 4.6. Somaliya kuwa sai Disamban 2023 ta samu irin wannan yafiya.

Maganar hanya da ka kawo kuwa tana da muhimmanci, amma don samar da aikin yi. Laberiya ta karɓi makamai daga mayaƙa sama da 100,000. Saurayin da bindiga ke ciyar da shi jiya, dole a samo masa abin sa wa a bakin salati yau, kuma gyaran hanya da diga da shebur yana ɗibar irinsu da yawa. Sai dai ranar biya in ta zo, daga asusun gwamnati za a ciro ladan.

Wassalam.