Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Sunayenmu a Cikin Jimlar Turanci

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Da fatan kuna lafiya, ya gida, ya ƙoƙari da yara? A wannan zangon malaman Turanci na ƙaramar sakandare sun mai da hankali kan yadda yaro zai sa suna a cikin jimlar Turanci, musamman sunan da ba a cika jin sa ba. Muna so ku san abin da ake koya musu, don akwai inda za ku taimaka.

Sunaye irin su Musa da Fatima ba sa ba yara wahala, kullum suna cin karo da su a littattafan karatu. Inda hannu yake sanyi shi ne sunayen gargajiya da suka fara ƙaranci: Cindo, Ajuji, Shekarau, Kande, Tanko, Gambo. Yaro na cikin rubuta labarin kakansa, da ya zo kan sunan sai ya fara shi da ƙaramin baƙi, ko ya liƙa masa the a gaba. Wani ma sai ya cire sunan ɗungurungum ya sa wanda ya gani a littafi, wai kada malami ya ɗauka kuskure ne. Wannan na ƙarshen ya fi damun mu. Sunan da aka raɗa wa namijin da ya biyo bayan mata, ko yaron da ya biyo bayan tagwaye, yana ɗauke da tarihin gida, bai kamata yaro ya ji kunyar rubuta shi ba.

Ƙa'idar ba ta sauyawa don suna baƙo ne. Ana fara shi da babban baƙi a ko'ina ya faɗo cikin jimla, kuma ba a sa wa sunan mutum the: Tanko went to the market. Haka sunayen garuruwa, Kano da Zinder duk ba sa ɗaukar sa. Koguna kam suna ɗauka, kamar the River Niger, haka wasu ƙasashe ƙalilan irin su The Gambia, waɗannan sai dai a haddace.

Wurin mallaka ne yara suka fi tuntuɓe. Mu muna cewa littafin Kande, abin mallakar ya fara zuwa. Turanci yana juya tsarin, mai abin ne a gaba: Kande's book. Malamai sun sa yara sun yi ta jera kayan ajinsu da sunayen junansu har bakinsu ya saba.

Sai batun namiji da mace. Bahaushe da ya ji Kande ya san mace ce, amma mai karatun da ba Bahaushe ba bai sani ba. Gambo kuwa har mu sai an faɗa mana, don ana kiran namiji da mace da shi. Shi ya sa muke koya wa yara su fayyace tun a jimlar farko, kamar My aunt Gambo sells groundnut oil, sannan su ci gaba da she.

Yanzu ga inda aikin ya dawo kanku. Wanda ya saba da Turanci zai iya karanta Cindo kamar Sindo, don haka wasu gidaje suke rubuta Chindo. Ɗanladi kuma yakan koma Danladi a fom, saboda manhajoji da yawa ba sa karɓar baƙaƙe masu ƙugiya. Ba mu ce wani rubutun ya fi wani ba, gida ne zai zaɓa. Roƙonmu dai a tsaya kan guda ɗaya. Tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma idan sunan da ke takardar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ya saɓa da na NIN, gyaran yana cin kuɗi da lokaci.

Don Allah ku ɗauko takardar haihuwar yaro da takardarsa ta NIN ku gwada su baƙi bayan baƙi, har da jerin sunayen, wane ne a farko, wane ne a ƙarshe. Idan kun ga bambanci, ku zo ofishin makaranta da kwafinsu kafin ƙarshen zango, mu daidaita rajistarmu kuma mu nuna muku inda za a gyara sauran.

Allah ya yi wa zuri'a albarka.

Shugabar Makaranta