Sarƙoƙin jabu na tsoffin finafinan Hollywood ma tarihi ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ni dai mai son tsoffin finafinan Amurka ne, irin na shekarun 1930 zuwa 1960 ɗin nan da yaran yanzu ba sa iya zama su kalla, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da su, wato sarƙoƙi da 'yan kunne da awarwaron da matan ciki ke sawa.

Mutane da yawa sun ɗauka gwal ne da lu'ulu'u na gaske. Ina! Galibinsu tagulla ce aka yi wa ruwan gwal, duwatsun kuma gilashi ne da aka shafa wa wani siririn ƙarfe mai sheƙi a baya don ya riƙa walƙiya. Da ka faɗa wa mutum haka sai ya taɓe baki ya ce ashe jabu ne, kuma wallahi wannan taɓe bakin ne ya sa kaya masu yawa suka salwanta.

Akwai wani mutum Eugene Joseff, ɗan Chicago, da ya koma Hollywood a ƙarshen shekarun 1920, shi ya lura ana sa wa 'yan wasa sarƙar zamani a fim ɗin da labarinsa na ɗaruruwan shekarun baya ne, ya yi ƙorafi aka ce to kai yi mu gani, sai ya duƙufa binciken tsoffin littattafai da zane-zane yana ƙera kayan kowane zamani yadda suke. Ga kuma matsalar fitilun situdiyo, ƙarfe mai ƙyalli sosai haske yake watso wa kyamara ya ɓata hoto, shi ne ya samo wani ruwan gwal mai ɗan dushi-dushi wanda a ido ba ya ɗaukar hankali amma a fim sai ka rantse daga taskar sarki aka ɗauko. Vivien Leigh ta sa kayansa a Gone with the Wind na 1939, Elizabeth Taylor ma a Cleopatra na 1963.

Amma dabararsa da ta fi burge ni ba ƙira ba ce. Haya yake ba masu shirya fim, ba ya sayar musu, a gama fim a dawo masa da abinsa. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1948, matarsa Joan ta riƙe kamfanin har ta rasu a 2010, shi ya sa kayan suka zauna wuri guda tsawon shekaru. Kwatanta da MGM, babbar masana'antar shirya finafinai, da ta yi gwanjon kayan wasanta a 1970, kowa ya kwashi nasa ya yi gaba. 'Yar wasan fim Debbie Reynolds ta sayi da yawa tana burin buɗe gidan tarihi, ta yi shekara da shekaru tana fama abin bai tsaya ba, ƙarshe a 2011 ita ma gwanjo ta yi, rigar Marilyn Monroe guda ɗaya ta haura dala miliyan 4. A 2017 kuma aka fitar da ɗaruruwan kayan Joseff ɗin kansu gwanjo. Ban ga laifin iyalansa ba, dukiyarsu ce, amma zuciyata ta sosu.

Dalili kuwa, gwal na gaske ko shekara dubu ya yi a ƙasa haka zai fito, shi kuwa jabu mutuwa yake yi a hankali. Na taɓa riƙe wani tsohon ɗan kunne irin wannan, duwatsu uku sun yi toka-toka kamar idon mataccen kifi saboda ruwa ya shiga bayansu, wajen maƙalin kuma wani kore-kore ya fito yana cin ƙarfen, mai shi wai wanke shi ta yi da sabulu don ya yi haske. Lu'ulu'un jabu ma ƙwallon gilashi ne da aka yi wa shafe, turare ko gumi ya taɓa shi sai ya fara ɓarewa. Damshi, hasken rana, gam ɗin da ya bushe, haɗa su a akwati ɗaya suna gogar juna, duk kashe su suke yi. Mai kuɗin da ya saya don ya nuna wa baƙi ya san wannan?

Tunda an buɗe Academy Museum, wato gidan tarihin finafinai, a Los Angeles a 2021, ni a ganina irin waɗannan wurare ya kamata su riƙa shiga gwanjon nan suna saye, ba riguna kaɗai ba, kuma kowace sarƙa a ajiye ta da takardar da ta nuna fim ɗin da aka sa ta da wadda ta sa, don takardar nan na ɓata ta koma tarkacen tagulla da gilashi.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku