A Kai Gwajin Ciwon Hantsa Har Ruga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana kan madarar da ake tarawa daga rugage.

A cibiyar tara madarar da nakan leƙa, abu biyu ake dubawa: an ƙara ruwa, ko ta fara tsami? In ta tsallake, sai a auna a biya. Lafiyar saniyar ba mai tambaya. Alhali ciwon hantsa yakan daɗe a ɓoye. Ba kumburi, madara fara tas a ƙwarya, amma cike take da fararen ƙwayoyin jini, don jiki na fama da cuta. Saniya mai lafiya ba ta cika wuce ƙwayoyi 200,000 a mililita ɗaya ba. Tarayyar Turai ta tsayar da iyakarta ga madarar sayarwa a 400,000, Amurka kuma 750,000.

Mu a ɗakin gwaji da ido muke ƙirgawa. Ɗan ɗigo ake bazawa kan gilashi, 0.01 na mililita, a shanya, a rina da shuɗi, a duba ta madubin likita. Kafin la'asar idon mutum ya yi jajir. Na'urar Fossomatic ta ƙasar Denmak tana gama ɗaruruwan samfuri cikin awa guda, amma ga tsada ga son wuta, sai manyan kamfanoni.

Shi ya sa raina ya fi kwanciya da gwajin Kalifoniya, wanda aka fito da shi tun 1957. Farantin roba ne mai rami huɗu, kowane kan nono da nasa. A zubar da tatsar farko, a tatsa kaɗan a ramin, a zuba ruwan magani daidai yawan madarar, a jujjuya. Ta mai lafiya tana nan ruwa-ruwa, ta mai ciwo kuwa sai ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Gaskiya ba ya ba da adadi, dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa, ma yakan ruɗe shi. Amma nan take makiyayi zai san wace saniya ce, wane kan nono ne, ya bar ta a ƙarshen tatsa, ya kira likitan dabbobi tun nonon bai ƙafe ba.

Roƙona ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, su koya wa masu tatsa wannan gwaji da Hausa da Fulatanci. Masu sayen madara kuma su ɗan ƙara wa wanda tasa ta fito lafiya farashi, ko da kaɗan ne a kan kowace lita.

Naka,
Ma'aikacin ɗakin gwajin dabbobi, Zariya