Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Kwaikwayon Jigilar Kayan Masana'antu a Kwamfuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana ƙarfinmu ya tafi ne kan aiki ɗaya: gina samfurin harabar masana'anta a kwamfuta, tun daga fitowar tirela da kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a Legas har ta sauke, ta yi lodi, ta fice. Da SimPy, manhajar kwaikwayon aiki a kwamfuta, muka yi aikin saboda kyauta ce. Masu AnyLogic, wata manhajar kwaikwayo, a wuraren aikinsu sun sake gwada sakamakon a can.

Tattara lokuta ne ya fi cin rai. Lokaci biyar ake rubuta wa kowace mota: isowa ƙofa, hawa sikeli, fara lodi, gama lodi, karɓar takardar fita. Agogon maigadi da na sikeli sukan saɓa, sai ka ga a takarda mota ta hau sikeli tun ba ta iso ba. A daidaita agogo kafin a ɗauki biro.

Samfurin farko ya yi mana ƙarya, kuma laifinmu ne, don matsakaicin lokaci kawai muka ba shi, kamar motoci na zuwa a jere ne. A ɗauki wurin lodi ɗaya mai sallamar mota 10 a awa, motoci na zuwa babu tsari, tsawon lodi kuma yana bambanta. Lissafin layi ya nuna in mota 8 ke zuwa a awa, za a riƙa samun kimanin 4 a wurin, kowace ta yi rabin awa. In sun zama 9, motoci 9 ne, awa guda. In 19 suka zo cikin awa biyu, jira ya kai awa biyu. Manaja ya ga wurin lodi ba ya hutawa sai ya yi murna, alhali direba da yaron mota ne ke gasuwa a rana.

Tun Fabrairun 2021 shiga tashar Apapa sai da izinin Eto, tsarin ba manyan motoci damar shiga ta intanet, don haka lokacin dawowar mota ba a hannun masana'anta yake ba. Yanzu muna sa shi a samfuri yadda yake, mai hawa da sauka, tare da ɗaukewar wuta da lalacewar injin ɗaga kaya.

Ƙa'idoji biyu muka tsayar a taron bita na Agege. A zubar da sakamakon kwanakin farko, domin samfuri yana farawa da haraba fayau, abin da ba ya faruwa a Legas. Sannan a maimaita gwaji aƙalla sau 30 kafin a shawarci kowa ya ƙara sikeli ko leburori.

Aikin hanyar tashar Lekki, wadda aka buɗe a 2023, ya tsaya don ba mu da bayananta. Muna roƙon mambobin da ke aiki a wajen su fara rubuta lokutan nan biyar, musamman a Yuni da Yuli lokacin ruwa, su kuma ware ranakun Juma'a daban.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa