A Daina Yi Wa Hancin Dabba Magani a Makance

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin wata matsala da ke cin kuɗin masu dabbobi a jahar Tawa: dabba na zubar da majina ko jini ta hanci wata da watanni, ana ta ɗirka mata allurar oksitetrasiklin, ba sauƙi.

Idan garke ya kamu tare, ga zazzaɓi da zawo, majina ta ƙofar hanci biyu, a yi zargin annoba irin PPR mai kama awaki da tumaki, a aika samfuri LABOCEL, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Nijar. Amma dabba ɗaya da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, musamman in ƙofa ɗaya ce ke zuba, galibi wani abu ne zaune a ciki, kuma sai an leƙa. Aikin endoskof ke nan: siririn bututu mai lanƙwasa, da fitila da kyamara a bakinsa. Na doki tsawonsa kamar mita 1, kauri milimita 8 zuwa 10. Rago da akuya sai wanda bai wuce milimita 5 ko 6 ba.

Ana zura shi ta ƙasan ƙofar hanci, a manne da bangon tsakiya. Wanda ya ɗaga bakinsa sama zai daki lallausan ƙasusuwan da ke can ƙurya, haɓo ya ɓalle, jini ya rufe kyamara. A duba ƙofofin duka biyu, a fara da mai lafiyar.

A rago, abin da aka fi gani tsutsar ƙudan Oestrus ovis ce, wadda kan kai santimita 2 zuwa 3, ita ke sa atishawa da kaɗa kai. Maganinta ivermectin, miligiram 0.2 ga kowane kilo na nauyin dabbar. Sai dai tumaki da awaki na yin wani ƙari a ƙuryar hanci mai kama da ciwon tsutsar a alamu, wanda ba allurar da ke narkar da shi. Ganinsa da wuri shi zai hana mai rago ɓarnar dusa da harawa yana jiran Layya. Saniya ko raƙumin da ya sha ruwan tabki kuwa, matsattsaku kan maƙale masa a bayan hanci, jini ya yi ta ɗiga.

Doki ya fi kowa buƙatar na'urar. Bayan maƙoshinsa akwai jakunkunan iska biyu. Mugunya kan taru a ciki ta daskare kamar tsakuwa, dokin ya yi kyan gani alhali yana harbin ƴan'uwansa da cutar a turke. Mafi haɗari shi ne naman gwari da ke cin bangon babbar jijiyar jini a jakar. Yana farawa da ɗan haɓo dokin na tsaye bai yi gudu ba, na gaba yana iya kashe shi nan take. Don Allah kada a raina irin wannan haɓo. Dokin sukuwa mai gurnani in ya ja numfashi a guje, sau da yawa guringuntsin hagu na maƙogwaro ne ya shanye. Wannan ana duba shi ba tare da xylazine, allurar kwantar da dabba, ba, domin maganin yana rage motsin maƙogwaron, sai a murɗe leɓen sama da igiya kawai.

Wanki kuma ba abin wasa ba ne. Bayan kowace dabba a gwada ko bututun na yoyo, a goge ramin cikinsa da buroshi da sabulu, a jiƙa a glutaraldehyde, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 aƙalla minti 20, a ɗauraye sosai. In ba haka ba, na'urar ce za ta riƙa raba cuta. Mai aiki ya sa safar hannu da takunkumi, domin wasu cututtukan hancin doki da jaki suna kama mutum.

Roƙonmu ga ma'aikatar kiwo shi ne ta samar da endoskof mai aiki da batir a ofisoshin kiwo na jahohi, ta horar da likitocin da za su riƙe shi, ta kuma ware kuɗin maganin wanki da gyara tun ranar saye.

Wassalam,
Wasu likitocin dabbobi, Tawa