Zuwa ga Alhaji mai shagon buga takardu: kwamfutarka rajista take dubawa

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Juma'a a majalisarmu ta bakin babbar kasuwar Garwa ka tambaye ni a gaban jama'a: me ya sa kwamfuta ke fito maka da wata takarda kafin ka ɗauke yatsa, wata kuma, wadda kai da hannunka ka buga, ta ce babu ita? Kiran sallah ya katse mu, ga amsar a rubuce don sauran masu shaguna su gani.

Ranka ya daɗe, idan ka rubuta kalma a gurbin nema, kwamfuta ba ta bin takardunka ɗaya bayan ɗaya. Rajista take buɗewa. Ka tuna littafin bashinka mai jan bango, kowane mutum da shafinsa, ƙarƙashin sunansa kuma ranakun da ya karɓi kaya. Haka Windows ke yi, sai dai shafin na kalma ne. Kalmar "attestation" na da nata shafin, an jera duk fayil ɗin da ta fito a ciki. Akwai wani ɗan aiki a ɓoye, SearchIndexer, da ke karanta sunan fayil, ranarsa da rubutun cikinsa yana cike rajistar, galibi lokacin da ka saki linzami ka tafi shan shayi. Shi ne ƙugin fankar da ya tsorata ka a makon da ka sayo injin. Tun Windows Vista na 2007 yake zuwa a haɗe. Kamfanin Apple ya riga su da nasa irin wannan mai suna Spotlight a 2005.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ba ko'ina ɗan aikin ke shiga ba. Yadda injin ya zo, Documents da hotuna da kiɗa da fuskar allo yake zagayawa. Kai kuwa, da na leƙa, takardun kwastomominka na shekara biyar suna ɓangaren D na ma'ajiyar injin, saura a kile ɗin USB da ke rataye da makullin shago. Abin da ba a rubuta a rajista ba, sai an bi shi ɗaki ɗaki, idan ma nan ka ce a nema. Ita kuwa takardar haihuwar da ka ɗauka da sikana, hoto ce a wurin kwamfuta. Idonka na ganin sunan yaro, ita tawada kawai take gani, kuma ka bar ta da sunan "Scan0047". Wa zai gano wannan?

Maganin ba tsada. Buɗe saitin rajistar, wanda a Windows na Faransanci ake kira Options d'indexation, ka taɓa Modifier, ka sa alama a ɓangaren D. Idan ka ga ta fara ɓatar da abin da da take samu, musamman bayan ɗauke wutar nan da ke kashe injin yana tsakiyar aiki, shiga Avancé ka danna Reconstruire, ka bar ta a kunne ta kwana. Takardunka ba abin da zai taɓa su, rajistar kaɗai za a sake.

Zaɓin sa ta karanta injin gaba ɗaya yana nan, amma a tsohuwar kwamfutarka ban ba ka shawara ba. Na sikana dai, ka sa yaron shago ya zauna ya raɗa musu suna, sunan mai takarda da shekara. Ranar Talata zan biyo in duba, a ajiye mini shayi.