Wasiƙa zuwa Fatakwal: tafin Aisland ya iso filin firamare

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya kasuwa, ya haƙuri da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da sauka? Mu nan ƙasar Gumel hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. Gero ya shiga rumbu, riɗi mun kai Maigatari ran Alhamis, saura zoɓo da mata ke ta ɓara a tsakar gida. Na leƙa wajen Inna, tana nan lafiya lau. Ta ce in gaya maka saƙo yana isowa, amma muryarka take son ji.

Na zaɓi in rubuto maka a maimakon saƙon murya ne don na san halinka, ba ka bari mutum ya kai aya. To yau dole ka karanta har ƙarshe kafin ka fara gardama.

Ka san da an gama kaka sai gasar ƙauyuka. Bana ma a filin firamare aka yi, ragar nan dai ta itacen turare, layin kuwa da toka aka ja shi. A wasan kusa da na ƙarshe muka haɗu da mutanen gabas, waɗanda ka sani, da ba a taɓa rabuwa da su ba tare da an ɗauki wani a babur zuwa kemis ba. Muka ci su ɗaya da nema. Lafari na busa tashi na fara laluben takalmina, don a sanina abin da ke biyo baya ke nan, gudu. Sai na ga kyaftin ɗinmu, ƙanenka na wajen Kawu, ya tara yaransa sun jeru a gabanmu. Ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya ware su. Samarin da ke bakin layi suka ɗaga. Yaran da ke kan katangar aji suka ɗaga. Har mai rake ya ajiye wuƙa ya ɗaga. Fili ya yi tsit, kana jin kukan akuya a bayan gari. Can sai ɗan gidan makaɗa, wanda ke yi wa mahauta kalangu ran kasuwa, ya doka sau biyu. Jama'a suka haɗa tafi guda, suka ce "Hu!" Aka sake yin shiru mai tsawo, har na zaci an gama. Ya sake dokawa. "Hu!" Haka tazarar ta riƙa raguwa, tafin na ƙara sauri kamar luguden mata uku a turmi ɗaya, har ya rikiɗe ya zama ihu da ƙura. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mutanen gabas da suka fara tsintar hoge suka tsaya kallo, hogen na hannunsu.

Kai ka san inda aka samo shi. Tafin mutanen Aisland ne, wanda duniya ta sani a gasar nahiyar Turai ta 2016 a Faransa, lokacin da ƙasar da mutanenta duka ba su kai dubu ɗari huɗu ba ta fitar da Ingila da ci 2 da 1. Yawancin yaran da suka yi shi a filinmu a lokacin ko wando ba su iya ɗaurawa ba. A waya suka gani, suka riƙa gwadawa da dare a bayan gidan kallo ba wanda ya sani.

Abin da ya ba ni dariya, ka tuna yammacin 22 ga Yuni 2018? Muna benci ɗaya ni da kai, janareto na tari, mai gidan kallo na roƙon Allah kada mai ya ƙare. Najeriya da Aisland a Volgograd ta Rasha. Ahmed Musa ya tare ƙwallon da Victor Moses ya kawo masa, ya ɗirka ta a raga, daga baya ya sake zuwa ya yanke mai tsaron gida ya ƙara ta biyu. 'Yan Aisland suka samu fenareti, Sigurdsson ya harba ta sama. Bencin gaba ya karye a ranar nan, kai kuma ka fita ba hula. Wato mutanen da tsohon ɗan Kano Pillars ya kashe wa baki, yau tafinsu ne ke tashi a filin firamarenmu. Mun ci su a wasa, sun ci mu a tafi.

Su ma ɗin ba gadonsu ba ne. Sunan da Turawa suka laƙaba masa, wato tafin Viking, ya sa ake zaton daga kakanninsu mayaƙan teku ya fito, alhali magoya bayan wata ƙungiyarsu mai suna Stjarnan ne suka ɗauko shi a wajen 'yan Motherwell ta Sikotland da suka haɗu a 2014. Ita ma Faransa da ta fitar da Aisland a gasar da ci 5 da 2, 'yan kwanaki kaɗan sai ga 'yan wasanta suna yin tafin tare da magoya bayansu bayan sun doke Jamus. Saboda haka duk mai cewa yaranmu sun yi kwaikwayo, to a layin masu aro suka tsaya, kuma layin dogo ne.

Amma ba duk abin da aka aro ke zama ba, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Kafin wannan sun gwada wasu. Akwai igiyar ruwan nan da aka sani tun kofin duniya na 1986 a Meziko, wadda asalinta ma a filayen Amurka aka fara, inda 'yan kallo ke miƙewa sashe bayan sashe abin ya zagaye fili. To ta yaya wanda ke tsaye zai miƙe? Mu nan ba kujera, ba bene, kowa a tsaye yake tun farkon wasa, wanda ya zauna kuwa sai dai ya kalli ƙeyar wani. Suka ce a durƙusa a tashi. Aka durƙusa, sai rabin mutane suka ƙi tashi. Ta mutu a nan.

Sai wadda 'yan Manchester City suka ɗauko daga magoya bayan Lech Poznan ta Folan a 2010, a juya wa fili baya, a dafa kafaɗun juna, a yi ta tsalle. Wannan kam saura ƙiris ta jawo mana bala'i a farkon gasar. Ka juya wa Bahaushe baya a bainar jama'a bayan ka ci shi, me kake nufi? Baƙin suka ɗauka raini ne, hakimin wasa (haka muke kiran malamin firamaren da ke shirya gasar) ya sha wuya kafin ya kwantar da su. Mai unguwa ya hana, kuma ni ina bayansa. Bubuzela ma ka tuna yadda ta cika gari bayan kofin duniya na Afirka ta Kudu a 2010, har liman ya yi magana a kanta. Turawa ma a shekarar hukumar ƙwallonsu ta hana shiga da ita wasanninta. Mu ba wanda ya kafa doka, roba ce, ta fashe, ba a sake saye ba.

To me ya sa tafin ya kama? A ganina don ya tarar da wurin zamansa a shirye. Abu ne na makaɗi ya kira, jama'a su amsa, kuma wannan ba baƙonmu ba ne, da shi ake gayya, da shi ake dambe. Ba ya buƙatar kujera, ba ya buƙatar kuɗi. Sannan ɗan makaɗan nan bai bar shi yadda ya same shi ba. A wasan ƙarshe, maimakon bugu biyu kurum, sai ya riƙa matse kalangun a hammata yana sa shi faɗin sunan garinmu, jama'a kuma suka bar "Hu!" suka koma "Mu!" Ba wanda ya shirya haka. Ɗan Aisland in ya zo yau sai ya yi da gaske kafin ya gane kayansa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Baba tsohon ɗan damben nan da ke zama gindin tsamiya, wanda ya yi wa Arewa wasa a zamaninsa, ya kira ni washegari ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko, yaushe maza suka fara tafi? Tafi ai na 'yan mata ne a dandali." Na yi dariya, amma da ya ci gaba sai na daina. Ya ce a da in namiji ya yi abin kirki a fili, sunansa ake kira. Makaɗi ya buga takensa, maroƙi ya ambaci ubansa da kakansa da garinsu, shi kuma ya fito ya yi kirari da bakinsa, mata su rangaɗa guɗa, a yi masa liƙi. "Yaron da ya ci ƙwallon nan, wa ya kira sunansa? Kun haɗu kun yi gurnani kun watse."

Na kwana ina juya maganar. Yana da gaskiya a kan abin da aka rasa. Yaron da ya ci mana ƙwallon da kansa ya ruga kusurwa, ya yi tsalle ya juya ya diro da hannuwa a baje yana "Siii" irin na Ronaldo, wato a ranar da ya fi kowa a garinsu ma sunan wani ya kira. Wannan ya fi tafin damuna. Amma ban yarda da Baba a kan tafin ba. Dambe na mutum ɗaya ne, shi ya sa yabonsa na mutum ɗaya ne. Ƙwallo kuwa ta mutum goma sha ɗaya ce, da mai tsaron gidan da ya sha ƙasa, da ɗan bayan da ba wanda ya lura da shi, da mu da muka tara kuɗin riguna. Ba mu taɓa samun hanyar da dukkanmu za mu yi murna lokaci ɗaya ba, sai dai a ruga cikin fili a ɗaga mutum sama, kuma kai shaida ne daga nan faɗa ke farawa. Tafin ya riƙe kowa a inda yake, ya ba shi aikin yi. Har 'yan Madrid da 'yan Barca, da ba sa shan shayi a tebur ɗaya daren da ƙungiyoyinsu suka haɗu, na gan su kafaɗa da kafaɗa.

Wani aron kuma ba wanda ya yi ƙorafi a kansa, wato sujada irin ta Mohamed Salah. Sai dai ladan ya ce in za su yi su riƙa duba alƙibla, don ya ga wani ya kalli Nijar.

Inda na fi jin ciwo shi ne da na tambayi yaran nan ko sun taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Babu ko ɗaya. Suna iya lissafa maka 'yan benci na Arsenal, amma ba su san Pillars ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 2008 ba, ta kuma jera uku a 2012, 2013 da 2014. Ba su san a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ba. Rabi'u Ali na Pillars sai dai su ji ana cewa Pele. Jigawa Golden Stars kuwa, tamu ta gida, ko launin rigarta ba su sani ba. Ni da kai mun san yadda ƙirji ke amsawa in filin nan ya cika aka ce "Sai Masu Gida!" Kalma uku, ba a aro ta daga kowa ba, kuma baƙo na jin ta gwiwarsa ta yi sanyi. Ban ga laifin yaran ba. Abin da akwatin gidan kallo ya nuna musu shi suka sani, kuma Firimiya yake nunawa duk Asabar da Lahadi. Kuɗin mota zuwa Kano a yanzu kuwa ba sai na gaya maka ba.

Shi ya sa muka yanke shawara ni da hakimin wasa. Ragon da muka ci a gasar ba za a yanka ba. Za a sayar a Gujungu ran Lahadi, a ƙara da abin da aka samu, a ɗauki mota a kai 'yan wasan Kano ranar da Pillars ke gida. Ɗan makaɗan ma da shi za a je, da kalangunsa. Baba ya ce in da wuri a gaba zai bi mu, wai yana so ya ga ko mutanen birni ma tafin suke yi. Ya kuma yi alkawarin koya wa ɗan makaɗan yadda ake yi wa mutum take, don baɗi duk wanda ya ci ƙwallo a ji sunan ubansa kafin a ɗaga hannu.

To ga inda ka shigo. Kuɗin ragon ba zai kai mu ya dawo da mu ba, kuma kai ne tsohon lamba tara na garin nan, ko da yake ƙwallayen da ka zubar sun fi waɗanda ka ci. Ka turo abin da ya sawwaƙa ta hannun mai POS na bakin kasuwa kafin ƙarshen wata. In kuma ka samu sarari ka leƙa wasan Rivers United, ka ɗauko mana bidiyon yadda mutanen can ke yi da gangunansu da ƙahonninsu, yaran na son gani.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara, da duk 'yan garinmu da ke nan. Mai shayi ya ce in tuna maka bashinsa na daren da Chelsea ta ci kofi yana nan a rubuce.

Naka har kullum,
Amininka na benci ɗaya